Idan Teku Ya Rine, A Bar Abin Da Ya Watso

A cikin ruwan teku akwai wasu ƙananan tsirrai, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya iya gani ɗaya-ɗaya. Da su ƙananan halittun ruwa ke rayuwa. Amma wani lokaci sukan hayayyafa fiye da kima har ruwa ya koma ja ko ruwan ƙasa. Wasunsu na fitar da dafi. Marasa dafin ma, in suka mutu suka ruɓe, sai su shanye iskar da kifi ke shaƙa, a wayi gari gaɓa ta cika da mushe.

Abin ba sabo ba ne, sai dai hannun ɗan'adam ya ƙara masa ƙarfi. Takin zamani da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki, da ruwan kwata, da dattin masana'antu, duk taki ne a wurin waɗannan tsirrai. Ɗumamar ruwa kuma tana tsawaita lokacinsu a wasu wurare. Tekun Seto na ƙasar Japan ya isa misali. Da masana'antu suka cika gaɓarsa, rinewar ruwa ta yi ta ƙaruwa har ta kai sau 299 a shekarar 1976. Gwamnati ta kafa doka a 1973 kan dattin da ake zubawa, sannu a hankali adadin ya sauko zuwa kusan ɗari a shekara. Masu cewa ba a iya yin komai, ga amsarsu nan. A jihar Fulorida ta Amurka kuwa, wata rinewa da ta fara a ƙarshen 2017 ba ta lafa ba sai farkon 2019, ta kashe kifaye da kunkuru ba adadi, masu zuwa bakin teku suna ta tari.

Haɗarin da ya fi tsanani yana cikin kawa da danginta masu ɓawo, domin suna tace ruwa, dafin na taruwa a jikinsu. A 1987, mutum 26 suka mutu a Gwatamala bayan cin irinsu. A wannan shekarar a Kanada, sama da mutum ɗari suka kamu, uku suka rasu, wasu kuma suka rasa ƙwaƙwalwar tuna abin da ya faru yanzu-yanzu.

Dafuwa ba ta kashe wannan dafi, haka suya da banda. 'Yan'uwa mazauna Legas, Kwatano da Akara, musamman masu sarin kifi, a kiyayi mataccen kifin da teku ya watso, komai arharsa. Wanda ya ci abincin teku ya ji leɓɓansa da harshensa sun mutu, ko numfashi na yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti nan take. Dafin ba shi da makari; taimakon numfashi ne ke ceton rai.