Allurar Jijiya da Hukuncinta a Miyagun Cututtukan Fata

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa ɗan Adam, waɗanda ba ya lura da su sai ranar da suka sami tasgaro, akwai fatar jikinsa, wadda take tsaye dare da rana tsakaninsa da wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya iya gani, alhali kuwa da yawansu a kanta suke zaune. Malaman ɗibbu sun tabbatar da cewa kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ƙwayar da ake kira sitafilokokas a cikin hancinsa, yana ci yana sha ba tare da ta yi masa illa ba. To, amma sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga: yankan wuƙa, ko ƙuna, ko faso, ko tsagewar tsakanin yatsun ƙafa, ko gyambon mai ciwon suga, kowanne ƙofa ce da ita da 'yar'uwarta sitireftokokas suke bi su kutsa ƙarƙashin fata.

Galibin abin da yake biyo baya ƙarami ne, maruru ne da zai nuna ya fashe, ko kumburin da ƙwayoyin sha za su kawar cikin mako guda. Sai dai akwai lokacin da al'amari kan wuce haka, wurin ya kumbura ya ɗauki zafi, ciwon ya riƙa faɗaɗa daga safe zuwa maraice, kaluluwa ta fito, zazzaɓi da rawar sanyi su rufe majiyyaci, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri. Littattafan Turawa suna ambaton jan fata a matsayin babbar alama, lalle kuwa haka take a farar fata. Amma a jikin baƙin mutum jan nan ba ya bayyana sosai, abin da za a duba shi ne ƙyallin wurin, da ƙarin duhunsa, da zafinsa idan aka ɗora bayan hannu aka gwada da wurin da ba ya ciwo. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana lissafa irin wannan cuta cikin masu tsanani idan faɗinta ya kai murabba'in santimita 75, wato kwatankwacin tafin hannun babban mutum.

Hikimar zuba magani ta jijiya ita ce, ƙwayar da aka haɗiya tilas ta sauka ciki, ta narke, hanji ya tsotse ta, sa'an nan ta isa jini, kuma a kan wannan hanya wani sashe nata yakan salwanta. Wanda aka zuba a jijiya kuwa dukkansa yake shiga jini nan take. Saboda haka likita yakan zaɓi wannan hanya ne bisa larura: idan cutar ta fara taɓa jiki duka, ko majiyyaci yana amai ba ya riƙe abin da ya sha, ko an gwada na sha kwana biyu ko uku ciwo yana ta gaba, ko kuwa garkuwar jikinsa ta raunana saboda ciwon suga ko wata cuta mai daɗewa.

Sha'anin yi wa irin wannan cuta magani da penisilin ta jijiya ya faro ne da wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander, wanda aka kwantar a asibitin Radcliffe da ke Okusfod ta ƙasar Ingila, bayan wani ɗan rauni a fuskarsa ya ruɓe ya yi mugunya, har sai da aka cire masa ido ɗaya. Ran 12 ga Fabrairu, 1941, aka zuba masa penisilin ta jijiya, maganin da Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, Howard Florey da Ernst Chain kuma suka yi wahalar tace shi. Kafin kwana ya zagayo zazzaɓi ya fara sauka, sha'awar abinci ta komo masa. Amma abin da aka tanada kaɗan ne ƙwarai, har ya zama ana sake tace maganin daga fitsarinsa ana mayar masa, kuma da ya ƙare bayan kwana biyar cutar ta dawo, ya rasu ran 15 ga Maris. Darasin da ke cikin wannan ƙissa bai tsufa ba, domin kuwa magani mai kyau idan aka yanke shi kafin ya gama aikinsa, ba ya tsirar da mai shi.

Ba a jima ba ƙwayoyin cuta suka koyi jure wa penisilin. Aka fito da wani magani mai suna metisilin, sai ga shi a 1961 an ba da rahoton wani jinsin sitafilokokas a Ingila wanda shi ma ba ya jin sa, shi ne wanda duniya ta sani yau da sunan MRSA. Maganin da aka daɗe ana dogara gare shi a kan wannan jinsi shi ne bankomaisin, wanda aka samo daga wata ƙasa da aka ɗebo a tsibirin Borniyo, aka yarda da amfani da shi a 1958. Yana da sharuɗɗa masu tsauri: hanji ba ya tsotsarsa, don haka ba ya amfanar fata sai ta jijiya, wajibi ne a zuba shi sannu a hankali, kada ya gaza sa'a guda, in ba haka ba fuska da wuya su ɗauki zafi da ƙaiƙayi, kuma ana auna jini saboda kiyaye ƙoda. A 2014 aka yarda da wasu magunguna biyu, dalbabansin da oritabansin, a Amurka, waɗanda suke daɗewa a jiki har zubi ɗaya ya wadatar, mutum ya koma gidansa ba tare da ya kwana a asibiti ba, sai dai tsadarsu ta hana su isa mafi yawan ƙasashe.

Wanda ya tsaya a bakin gadon irin wannan majiyyaci zai ga likita ya ɗauki biro ya zagaye iyakar kumburin a kan fata, ya rubuta kwanan wata a gefe, idan a ƙafa ne ya umarta a ɗora ta bisa matashi. Idan gari ya waye sai ya dawo ya duba ko ciwon ya tsallake layin ko ya ja da baya. Inda akwai mugunya yakan ɗebi kaɗan ya aika ɗakin gwaji, domin a san ƙwayar da kuma maganin da take ji, kuma yakan tsaga wurin ya fitar da ita, saboda magani ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata, komai ƙarfinsa. Idan kuwa raɗaɗin ya zarce abin da ido ke gani, fata ta fara baƙi tana yin ƙuraje masu ruwa, to, ana tsoron cutar da ke cin nama ta ƙarƙashi, wadda ba ta jiran gobe, tiyata take bukata a cikin sa'o'i. Wanda ya sami sauƙi bayan kwana biyu ko uku, sai a cire masa allura a mayar da shi kan ƙwayoyin sha ya ƙarasa.

Wannan mayarwa ita ce mutanenmu da yawa ba sa so, domin an ɗauka cewa allura da ƙarin ruwa sun fi ƙwaya daraja, har wani yakan nemi mai kemis ya yi masa allurar seftirayazon a gida saboda maruru guda. Haƙiƙa allurar jijiya tana da nata haɗari, tana iya kumbura jijiyar, tana iya zama sabuwar ƙofa ga ƙwayar cuta, kuma duk maganin da aka yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba yana ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a. Abin da ya wajaba a kan mai hankali, ashe, abu biyu ne da ba sa rabuwa: kada ya jinkirta zuwa asibiti idan kumburi yana faɗaɗa da zazzaɓi, kada kuma ya tilasta wa likita allura idan likita ya ga ƙwaya ta isa.