Darasin Fijo a Cikin Injin Golf

Shirinmu na musamman na yau zai ɗaga bonet ne, ya leƙa wasu al'adun direbobi da suke cin mai a ɓoye.

Ranar Alhamis da asuba, tashar Gumel ba ta jin kira. Kasuwar Maigatari ke ci, Golf da Sharan sun jeru, kowace a kunne, direbobi suna can wajen mai shayi, wai mota tana ɗumi. Minti goma, minti ashirin. Tambayi ɗayansu dalili, zai ce haka ya taso ya ga maigidansa yana yi.

Maigidan kuwa da gaskiyarsa, domin Peugeot 504 ya tuƙa, Fijon nan da ta mamaye hanyoyin Arewa bayan kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Ita da kafireta take aiki, kafireta kuma ba ta iya gauraya mai da iska daidai in inji yana da sanyi, shi ya sa ake jan cok a jira. Golf 3 da ta fito a 1991 injekta gare ta, da 'yar kwamfutar da ke auna zafin inji tana ba shi man da ya dace tun daga tashin farko. Minti ɗaya ya ishi baƙin mai ya zagaya, sai a kama hanya a hankali, domin a tafe inji ya fi saurin ɗaukar zafi. A tsaye kuwa, injin matsakaiciyar mota kan sha kusan lita guda cikin sa'a ɗaya, taya bai juya ba.

A da wannan asara ba ta taɓa aljihu sosai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. Cikin kwanaki lita ta haura naira 500 a Arewa, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000.

Sai batun tamostat, wanda ya fi kowanne kafuwa a garejinmu. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, bakanike zai ce wannan ƙarfen na ƙasar sanyi ne, a cire shi, a haɗa fanka kai-tsaye. To amma an ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ko a Jamus ko a Gagarawa. Tamostat ƙofa ce: tana rufe ruwa har inji ya kai wannan zafin, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. In babu ita, inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu, kwamfuta kuma tana ganin sanyi sai ta ci gaba da ƙara mai. Fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin fetur, direba ya ce gidan mai ne ya cuce shi. Motar da ke tafasa tana da ciwonta dabam: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta mutu.

Toshewar lagireton ma sau da yawa daga hannun mai mota take. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dattin nan da ake gani a gindin butar shayi, ga tsatsa. Ruwan inji mai launi da ake sayarwa a galan yana hana tsatsa, kuma ya fi jure zafi kafin ya tafasa.

Haka zancen baƙin mai. An yi imani mai kauri ya fi riƙe inji, sai a ɗura 20W-50 a motar da littafinta ya ce 5W-30. Hanyoyin mai a sababbin injuna siraru ne; mai kauri yakan makara kafin ya hau sama da safe, inji kuma yana ɓarnar ƙarfi wajen tura shi. Yin baƙi ma ba shi ne alamar mutuwar mai ba, dattin inji yake kwashewa. Nisan tafiya da watanni ake ƙirgawa.

Yankin Gumel na yashi ne, kuma direban da ya rage iskar taya don ya ratsa hanyoyin ƙauyukan Sule Tankarkar ya san aikinsa. Matsalar tana zuwa ne in ya hau kwalta da lodin riɗi bai koma wajen mai faci ba. Taya mai laushi tana jan mota baya, tana ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa da tsakar rana. Mai faci kuma yakan buga iska da ka, ko ya bi lambar jikin taya, alhali wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ma'aunin gaskiya yana manne a jikin ƙofar direba ko murfin tanki.

Masu sakin mota a firi in sun hango shinge su ma darasin kafireta suke bi. Motar injekta, in tana cikin giya aka ɗage ƙafa daga totur, kwamfuta na yanke mai ɗungurungum. A firi dole ta ba inji mai don kada ya mutu, nauyin tsayawa kuma ya koma kan birki kaɗai.

A garuruwan iyaka kwalba da galan sun zama jiki, tun ba ma bayan Nuwamban 2019 ba, lokacin da hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai saye wajen ɗan bumburutu yakan ɗaga kwalba ya dubi launi, ya shinshina. Ido ba ya gane komai a nan. A Fabrairun 2022 man da ya yi yawan sinadarin metanol, wanda aka shigo da shi daga Beljiyam, ta gidajen mai ya bi ya lalata motoci a Legas da Abuja. Sayen lita biyu-biyu ma yana da nasa kuɗin: famfon mai na cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, tanki a bushe kullum kuwa yana ƙona shi.

Bayan ɗan kiɗa, shirin zai koma kan ƙurar hunturu da matatar iska, wadda wasu ke cirewa su jefar wai don inji ya sha iska. A dakace mu.