Dalilin da Ya Sa Masu Kiwon Diskas Ke Barin Ruwan Rijiya Ya Kwana

A gidajen masu kiwon kifin ado da ake kira diskas, musamman a ƙauyukan Amurka da Turai inda ake dogaro da rijiya, da wuya ka rasa wani babban duro na roba a gefen tankin gilashi. Yana cin kamar lita 200. A cikinsa akwai hita da ɗan bututu mai hura iska, ruwan na ta kumfa dare da rana. Ba a zuba wa kifi shi sai ya yi awa 24. Wanda bai san harkar ba zai ce wahalar banza ce, tunda ruwan rijiya ba shi da kulorin ɗin da hukumar ruwa ke sakawa a na famfo.

Diskas ɗan kogin Amazon ne, a Brazil da Peru da Kolombiya. Masanin kifi ɗan Ostiriya, Johann Jacob Heckel, shi ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1840. Yana son ɗumi, digiri 28 zuwa 30, kuma ba ya jure ƙazanta. Masu renon ƙanana kan ba su abinci mai nauyi, har da niƙaƙƙiyar zuciyar saniya, don haka wasu ke sauya rabin ruwan tanki kowace rana. A nan matsalar take. Idan abin da ake sauyawa ɗan kaɗan ne, tsohon ruwa zai shanye bambancin. Idan rabi ne, duk halin da sabon ruwan ya zo da shi sai kifin ya ji a jikinsa.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daɗe ba ya haɗuwa da iska. Saiwoyin tsirrai da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye suna fitar da iskar kabon-dayoksaid, ruwan sama ya kwashe ta yana tsatsafawa ƙasa. Wannan iska in ta narke a ruwa tana ƙara masa tsami, sai ma'aunin pH ya sauka. Da zarar ruwan ya fito sarari sai ta fara gudu, kamar yadda gas ke fita daga lemon kwalba in an buɗe an ajiye. Ruwan da aka auna a bakin famfo aka ga, misali, 6.6, washegari yana iya kaiwa 7.8. Tazarar ta fi yadda take a ido, domin kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne na tsami. Wanda ya zuba irin wannan ruwa kai tsaye, kullum pH ɗin tankinsa zai yi ƙasa da safe, ya hau kafin dare. Akwai kuma amoniyar da kifi ke fitarwa: in pH ya hau mataki ɗaya, kason da ke da guba a cikinta yana ninkuwa kusan sau goma.

Sai kuma iskar da ta yi yawa. Injin da ke turo ruwa yana matse shi, kuma ruwan sanyi ya fi riƙe iska. Idan ya shiga tanki mai ɗumi, iskar naitirojin da ta wuce kima sai ta fito, ka ga ƙananan kumfa sun manne a gilashi da jikin kifi. Tana iya fitowa a cikin jininsa ma, ta yi ƙuraje na iska a ido da fukafukai, wani lokaci ta kashe. Ga shi oksijin, wanda kifin ke buƙata, shi ne ruwan rijiya ba shi da shi sosai. Hura iska na kwana guda yana gyara duka biyun. Yana kuma korar warin ruɓaɓɓen ƙwai da wasu rijiyoyi ke da shi, ya sa sinadarin ƙarfe da ke narke ya koma tsatsa ya kwanta a gindin duro. Duk mai burtsatse da ya taɓa ganin jan laka a ƙasan tankinsa ya san wannan. Mai kiwo a ƙasa mai zafi dai ba ya damuwa da hita sosai, don ruwan ƙasa yana bin matsakaicin zafin garin ne, nasa kuwa da ɗuminsa yake fitowa.

A ganina, kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne neman lambar pH ta ruwan Amazon ƙarfi da yaji. Sun karanta cewa ruwan kogin Rio Negro na yankin Amazon yana da tsami ƙwarai, sai su yi ta ɗiga magani don saukar da pH, ruwan kuma ya yi ta dawowa inda yake. Yawancin diskas na kasuwa a tanki aka ƙyanƙyashe su, a wurare irin su Penang ta Maleshiya da Tailan, kuma suna girma lafiya a ruwan da ya haura 7, muddin yau da gobe ɗaya ne.

Ba kowace rijiya ce ke buƙatar duro ba, kuma gwajin ba shi da tsada. A ɗebi bokiti, a auna pH nan take, a saka bututun iska, gobe war haka a sake aunawa. In bai motsa sosai ba, kuma ba wari ba kumfa, daidaita zafi ya isa. In ya motsa, sai a nemi duro, amma wanda aka yi don abinci ko ruwan sha, ba wanda ya taɓa ɗaukar fenti ko maganin feshi ba.

Kwanan ruwa ba ya cire naitiret ɗin da takin zamani ke zubawa cikin rijiyoyin da ke kusa da gonaki, kuma ma'adinan kalsiyam da magniziyam galibinsu suna nan. Manyan kifi za su zauna da ruwa mai nauyin ma'adinai, amma ƙwayayensu sukan ƙi ƙyanƙyashewa a ciki. Masu son samun 'ya'ya sai sun sayi na'urar tace ruwa ta RO, su gauraya tataccen da na rijiya a cikin duron, su auna, sannan su zuba.