Masu Farautar Curin Taurari

Aikinsu na fara ne lokacin da kowa ke shirin kwanciya. Da rana wani malamin makaranta ne, wani injiniya, wani ɗan fansho. Da dare kuwa sai su kinkimi madubin hangen nesa da kyamara, su bar gari da fitilunsa, su nemi fili mai duhu don ɗaukar hoton abin da ido ke gani kamar ɗigon hayaƙi. Ba wanda ke biyansu. Aljihunsu ma shi ke kuka.

Cikin abin da suke farauta akwai curin taurari, wato taurari dubu ɗaruruwa da suka dunƙule wuri guda kamar curin fura. Kada mai karatu ya haɗa shi da Kaza da 'Ya'yanta, waɗancan a warwatse suke, kuma yara ne. Curin tsoho ne, shekarunsa sun haura biliyan 10, kuma akwai irinsa wajen 150 kewaye da rukunin taurarin da ranarmu take ciki. Babbansu shi ne Omega Centauri, mai taurari kusan miliyan 10, wanda haskensa ke shafe shekara wajen 17,000 kafin ya iso mu. Mutanen dā sun ɗauke shi tauraro guda, sai a 1677 Edmond Halley, yana tsibirin Saint Helena, ya lura ba haka ba ne.

Mai sabon hannu yakan zaci girman madubi ne sana'ar. Tsofaffin hannu sun san gindin da ake ɗora madubin ya fi shi muhimmanci. Duniya na juyawa, sama tana gusawa digiri 15 kowace awa, don haka in ka buɗe kyamara na minti guda a kan gindi marar motsi, taurari za su fito kamar zare. Sai an sami gindi mai inji da ke bin su sannu a hankali, an kuma daidaita shi da tauraron arewa kafin a fara komai. Daga nan sai saitin gani. Da yawa suna amfani da wani faifai mai tsage-tsage da Pavel Bahtinov, ɗan Rasha mai irin wannan sha'awa, ya ƙirƙiro: a ɗora shi a bakin madubi, a riƙa juya saitin ganin har layukan haske su gicciye daidai tsakiya.

Inda curin ke gwada mutum shi ne cibiyarsa. Taurari sun cushe a can, haskensu ya yi yawa, na gefe kuma dishi-dishi ne. Ka daɗe da buɗe kyamara, tsakiya ta ƙone ta zama farin dunƙule kamar an zuba nono. Ka gaggauta rufewa, na gefe su ɓace. Shi ya sa ake ɗaukar gajerun hotuna, na daƙiƙa 30 ko 60, ɗari ko fiye, sannan a rufe bakin madubi a ɗauki wasu na baƙin duhu zalla don a gane ƙazantar da kyamarar kanta ke haifarwa a cire ta. Washegari a zauna gaban kwamfuta, a zubar da waɗanda iska ko tauraron ɗan adam ya ɓata, a tara sauran kan juna da manhaja irin su Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta ne. A nan launi ke fitowa: tsofaffin manyan taurari ruwan lemo, wasu tsiraru shuɗi. A ganina, hoton da aka cika masa launi har ya koma kamar atamfa ya ɓaci. Gwani shi ne wanda za ka iya ƙirga taurari har cikin cibiyar hotonsa.

Sauran wahalhalu kuwa sanannu ne: raɓa ta rufe gilashi, batir ya mutu ƙarfe biyun dare, gajimare ya taso bayan an gama saiti, ga farin wata da ke hana aiki sai an jira kwanakin duhu.

Wani abin ban sha'awa, Omega Centauri na can kudancin sama, ba ya leƙowa a Ingila ko Jamus. Shi ya sa Turawa masu wannan sha'awa ke biyan kuɗin jirgi zuwa gonakin Namibiya irin su Hakos, su kwana suna ɗaukarsa. A Kano kuwa yana hawa har wajen digiri 30 sama da ƙasa. Matsalarmu hazo ne, sai kuma tauraron arewa da ke can ƙasa-ƙasa, digiri 12 kacal, gini ko bishiya na iya tare shi.

In kana da tabarau mai hangen nesa, ko da na hannu ne, ka fita bayan gari a daren Afrilu marar wata, ka fuskanci kudu wajen tsakar dare. Za ka gan shi, faɗinsa ya kai na cikakken wata.