Abubuwan Mamaki Goma Sha Ɗaya Game da Abincin Kaka

Kaka ta yi. Dammunan gero sun hau rumbu, gyaɗa na shanye a tsakar gida, kabewa ta cika kasuwa. Babu lokacin da abinci mai gina jikin yara ya kai wannan araha a ƙasar Hausa. Ga wasu abubuwa game da shi da ya kamata kowane gida ya sani.

1. Fure a sama, 'ya'ya a ƙasa. Gyaɗa tana yin furenta a sarari, sannan wani siririn tsinke ya fito daga furen, ya sunkuya ya huda ƙasa, a can ƙwanson zai nuna. Gurjiya ma haka take yi, kuma dukansu dangin wake ne. Asalin gyaɗa Kudancin Amurka ne. Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka a ƙarni na 16, har ta zo ta yi dala a Kano.

2. Gyaɗar da ta kashe talo-talo. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Binciken da aka yi ne ya gano afulatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Gubar tana lalata hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita. Saboda haka a shanya amfani a kan tabarma ko tamfol, ban da dandariyar ƙasa. A tsince ƙwayoyin da suka yamushe ko suka canza launi a zubar, kada a ce za a lallaɓa su a kunu ko ƙuli-ƙuli.

3. Gyaɗar da ke ceton rai. Abincin nan na 'yar leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, Plumpy'Nut, niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari da bitamin. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, na cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar 2005 an yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi. Leda ɗaya mai nauyin giram 92 tana ɗauke da kalori 500. Kunun gyaɗa na gida rigakafi ne mai kyau, amma yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi.

4. Garin da ke tsinka kunu ba da ruwa ba. Cikin jariri ɗan wata 6 zuwa 8 bai wuce ya ɗauki ƙaramin kofi ɗaya ba. Idan uwa ta tsinka kunu da ruwa don ya shanyu, ruwa ne zai cika masa ciki. Ga dabara: a jiƙa gero, a rufe shi da danshi kwana biyu ko uku har ya tsiro, a shanya, a niƙa. A dama kunu mai kauri, a sauke, idan ya ɗan huce a barbaɗa ƙaramin cokali na garin a juya. Cikin 'yan mintuna kunun zai saki da kansa, domin tsiron yana da sinadarin da ke narkar da sitaci. Sai a sake tafasa shi kaɗan. Yaro zai sha cikin sauƙi, ƙarfin abincin kuma yana nan.

5. Gero ɗan gida ne. Masu binciken kayan tarihi sun samo gurbin ƙwayoyinsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, masu shekara kusan 4,500. A 2018 aka fitar da wani iri mai suna Chakti a Nijar, wanda cibiyar ICRISAT ta samar, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

6. Wake da hatsi suna cike wa juna. Sinadarin gina jiki na hatsi yana da giɓi, na wake ma haka, amma abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi. Garau-garau, ko ƙosai da koko, haɗi ne na hikima. Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wannan wake, Nijar ta biyu. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba sai an zuba maganin da zai cutar da iyali ba.

7. Kabewa na buƙatar mai. Launin cikin kabewa da karas da jan dankali alama ce ta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Jiki ba ya zuƙarsa sosai sai da maiƙo, shi ya sa miyar taushe da gyaɗarta ta dace ƙwarai. Giram 125 na dankali mai launin lemo a ciki ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini. Aikin yaɗa wannan dankali a Afirka ya ci babbar kyautar abinci ta duniya a 2016.

8. Kuka da jemage. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ne ke yi masa barbara. Garin 'ya'yanta ya ninka lemo a bitamin C, ganyenta kuma yana da sinadarin ƙarfafa ƙashi. A tsinki ganyen tun kafin iskar hunturu ta kakkaɓe shi, a shanya a inuwa tare da zogale, domin rana tana cinye bitamin ɗinsu.

9. Shayi na tare ƙarin jini. Shan shayi tare da abinci yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe na hatsi da wake. Lemo da gwaba da tumatir kuwa suna taimaka masa. Masu juna biyu da yara su jinkirta shayi kamar awa ɗaya bayan cin abinci.

10. Zoɓo da aya sun yi nisa. Mutanen Meziko suna shan zoɓo, kuma suna sayensa daga Najeriya, inda Jigawa ke kan gaba wajen nomansa. A birnin Balensiya na Sifen, kunun aya abin sha ne na alfahari, an kuma samu aya a kaburburan Masar ta dā. Dukansu sun fi lemon kwalba amfani ga yara idan aka rage sukari aka yi su da tsabtataccen ruwa.

11. Zuma ba ta jarirai ba ce. Duk da albarkarta, likitoci sun hana a ba wa wanda bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sakin gaɓoɓin jariri har numfashi ya gagara. Wata shida na farko nonon uwa zalla ya wadatar.

Kafin a kai amfani kasuwa, maigida ya ware rabon yara: wake, gyaɗa, busasshen ganye da 'ya'yan kuka. Abin da aka sayar da araha a Nuwamba, shi ake nema da tsada a Yuli da Agusta, watannin da tamowa ta fi kama ƙananan yara.