Tayar da Mota Ta Zo da Ita

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Hawandawaki da Tasawa 'yan Kwatano ne, kuma wasu kan iso da tayoyinsu na kamfani. Kyawun zanen taya ba shi ne lafiyarta ba: zafin rana yana busar da roba har gefenta ya tsattsage, ramuka da lodin buhuna ranar kasuwa su ƙarasa ta.

Shekarunta na rubuce a gefe. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, kamar 2318, na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2018. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a sauya duk wadda ta kai shekara 10, ko da ba ta suɗe ba. Idan zurfin zanen ya sauka zuwa milimita 1.6, aikin mai faci ya ƙare, sai sabuwa mai girma daidai da ta asali.