Yadda Ake Kamun Jan Kifi A Fadamun Bakin Teku Na Amurka

A gaɓar tekun Amurka ta kudu, tun daga Karolina har Teksas, akwai wani kifi da masuntan wurin ke ji da shi ƙwarai. Jikinsa ja-ja ne kamar tagulla, da baƙin ɗigo a gindin wutsiya. Su kan kira shi mai ganga, domin namijin ya kan yi ƙara kamar kiɗa lokacin barbara. Mafi girma da aka kama da fatsa laba 94 ne, a 1984.

A Karolina teku ta kan ciko ta janye sau biyu kowace rana. To, da kaka, wajen Satumba da Oktoba, in wata ya tsaya ko ya cika, ruwan ya kan hau fiye da kullum, har ya malale fadamun ciyawa. Sa'an nan kifin ya biyo ruwa, yana neman ƙananan ƙaguwa. In ya duƙa yana tono, sai wutsiyarsa ta ɓullo sama. Ita ce ke tona masa asiri.

Masunci ya kan taka a hankali, ko ya tura ƙaramin jirgi da gora, gama motsi kaɗan ke korar kifin. Ba a jefa masa ƙugiya a ka, sai a gabansa kaɗan. Kuma tilas a hanzarta, don da ruwa ya soma janyewa sai kifin ya koma rafi.

Amma fa kifin nan ya kusa ƙarewa. Bayan 1980 wani mai dafuwa a Niyu Olins, Paul Prudhomme, ya fito da suyarsa da yaji, jama'a suka yi ca a kai. 'Yan kasuwa suka shiga kwashe manyan da taru, alhali su ne masu ƙwai. Sai hukuma ta hana kamun sayarwa a zurfin tekun. Teksas kuwa tun 1981 ta hana. A 2024 Luwiziyana ta ƙayyade kifi 4 ga mutum a rana, daga inci 18 zuwa 27. Wanda ya wuce haka a mayar da shi ruwa.

Abin lura ga masunci ko ina shi ne, babban kifi iri ne. Manomin da ya cinye irinsa, me zai shuka baɗi?